Shugaban Kwamitin Zaman Lafiya

Da damina ce 'yar yayana ta sauka a gidana a Karaye, masara ta fara goyo, ko'ina ya yi kore shar. Na ɗauka hutu ta zo, sai da muka zauna cin tuwo ta ce mini aiki ne ya kawo ta. Tana karatun digiri na biyu a jami'a a Kano, kuma abin da ta zaɓa ta yi bincike a kai shi ne samarin da suka yi kisan kai tun ba su gama zama mutane ba.

Na tsame hannuna daga kwanon na dube ta. "Duk ilimin da Allah ya saukar a duniya, ke wannan kika gani?"

Ta ce, "Gwaggo, kowa yana maganarsu, amma ban ga wanda ya zauna ya tambaye su ba."

Ta riga ta sami izini, ta yi ta zuwa gidan yari tana hira da wasu daga cikinsu. Ɗaya ɗan ƙasar Rogo ne, daga wani ƙauye a Beli, kuma tana so ta ga iyayensa, ta ga gidan wanda ya kashe. Shi ya sa ta zo wurina, don na daɗe ina koyarwa a firamare a Rogo Sabon Gari kafin in yi ritaya, kuma da wuya a sami gidan da ba zan yi sallama a amsa mini ba. Ba ta son faɗin sunansa, ta ce dokar aikinsu ta hana, amma ba yadda za a yi in kai ta gidan da ban sani ba. Da ta faɗa, sai tuwon ya fita daga raina.

Na san shi. Ya zauna a ajina lokacin da ubansa ya kawo shi gidan kawunsa a Rogo don ya yi boko. Yaro ne mai in'ina, shi ya sa ba ya son magana, in aka tambaye shi abu sai ya sunkuyar da kai ko da ya san amsar. Na kuma san abin da ya faru, don ba wanda bai sani ba a ƙasar nan. Lokacin kamfe ne, ranar kasuwa, ayarin 'yan takara biyu suka yi kiciɓis a kan titi, aka fara da zage-zage, aka koma gora da barandami. Wani saurayi mai faci ya fito don ya ja injin iskarsa cikin rumfa kada a fasa masa. Ba ya cikin kowane ɓangare. Shi ne wanda yaron ya daɓa wa wuƙa, kuma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa da ciki.

Akwai kuma abin da na sani wanda 'yar yayana ba ta sani ba tukuna. Na san ƙofar gidan da a-kori-kurar da ta kwashi samarin ta tashi da safen ranar kisan, don layinmu ɗaya a unguwar Daura, kuma ina tsaye a soro na ga ana loda su kamar buhuna.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini gida da 'ya'ya da ƙani ɗaya. Gidan da 'ya'yan na gode Allah. Ƙanin nan nasa tun ina amarya nake jiran in ga ranar da zai kama sana'a, har na yi furfura ban gani ba. Ya taɓa sayar da taki, manoma suka gane rabinsa yashi ne. Ya taɓa samun kwangilar kwalbati, ruwan farko ya tafi da ita. Abu ɗaya Allah ya hore masa, wato iya tara samari. Da zarar an kaɗa gangar siyasa, zaurensa zai cika da yara masu jajayen idanu, yana kiransu "yarana", suna kiransa "maigida". Kowa a layin ya san wanda ake aika ya sayo ƙwaya, kowa ya san ɗakin da ake jingine gorori. Bayan kisan, sai aka wayi gari ba a gan shi ba, matarsa ta ce ya tafi jinyar ciwon baya. Da ƙura ta lafa ya dawo da gemu da dogon carbi, ya kafa kwamitin zaman lafiya da gyaran tarbiyyar matasa, ya naɗa kansa shugaba, ya sa aka rubuta allo aka kafe a ƙofar wannan zauren.

Ban san wanda ya kai masa labari ba, amma washegarin saukar yarinyar da hantsi sai ga ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna a kan kujerar yayansa, wadda ko 'ya'yana ba sa zama a kai, muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ashe manyan baƙi muka yi daga jami'a, ba a sanar da kwamiti ba?"

Na ce, "Alhaji, 'yata ce ta zo gidan gwaggonta. Ban san sai an nemi izini ba."

Ya yi dariya. Tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa, kuma shekara da shekaru da wannan wasan nake faɗa masa abin da ke raina, shi kuma yana dariya don ya fi masa sauƙi ya ɗauka wasa ne. Ya shiga yi wa yarinyar tambayoyi. Turawa ne suka aiko ta? A'a. Za a sa a rediyo? A'a. Akwai wani tallafi da zai biyo baya, irin na kekunan ɗinki? Ta ce babu, littafi ne kawai za ta rubuta ta miƙa wa malamanta. Fuskarsa ta ɗan faɗi, sannan ya gyara zaman malum-malum ɗinsa.

"To ai littafi ya fi daɗewa. 'Yata, kin zo inda ya dace. Wannan matsala ba wanda ya san ta kamar ni."

A nan kam gaskiya ya faɗa.

Ita abin da take so shi ne ta zauna da dattawa kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Shi kuwa ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya yi hayar kujerun roba da lasifika, ya sa aka yi shela. Aka zaunar da ita a gaba kusa da shi, ta ɗora wayarta a kan tebur tana ɗaukar magana, mu mata aka ba mu gefe. Wakilin dagaci ya zo don kunya, ya zauna bai ce uffan ba har aka tashi.

Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka sun taru don su kewaye abu ɗaya ba. Wannan ya tashi ya ce wayar hannu ce ta lalata yara. Wancan ya ce finafinai ne. Wani, wanda ni na san bai san ajin da ɗansa yake ba, ya ce laifin iyaye mata ne da ba sa sa ido. Wani ya ce zamani ne ya zo ƙarshe, ya zauna. Duk wanda ya yi magana sai a ce "ƙwarai kuwa", a gyaɗa kai, kuma duk wanda ya gyaɗa kan nan ya san ɗakin da ke bayansa, ya san abin da aka jingine a ciki. Suna zaune a inuwar zauren suna neman inda matsalar ta fito.

Mutum ɗaya ne ya kusa ɓata taron, wani malamin allo da ke da makaranta a bakin gari. Ba a sa shi cikin masu magana ba, ya miƙe ne kawai ya karɓi lasifikar. Ya ce shi tambaya gare shi. Waɗannan samari da ake cewa suna shan ƙwaya, yawancinsu ko na koko da ƙosai ba su da shi, to wa yake saya musu? Wa yake ɗaukar musu mota? Ƙanin mijina ya dubi agogonsa, ya ce Malam ya kawo magana mai muhimmanci, kwamiti zai zauna a kanta, amma lokaci ya ƙure. Ya miƙa hannu ya karɓe lasifikar, sannan ya yi jawabin da ya fi na kowa tsawo.

Ya yi maganar amanar da Allah ya ɗora wa manya. Ya yi maganar yadda ba ya iya barci in ya tuna halin da matasa suke ciki. Da ya zo kan mai facin da aka kashe, muryarsa ta karye, ya zaro hankici ya dafe idanunsa, ya tsaya har sai da mai hoton da ya ɗauko ya gama gyara tsayuwa. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Allah sarki, Alhaji akwai tausayi." Na dube ta don in ga ko gatse take yi. Ba gatse take yi ba.

Da muka koma gida 'yar yayana ta ce, "Gwaggo, me ya sa aka hana malamin nan ƙarasa magana?"

Na ce, "Mu je Beli tukuna. Ba na so ki fara ji daga bakina."

Na so mu tafi mu biyu, amma ruwa ya ɓata hanya, shi kuma yana da mota, kuma ya rantse ba za a ce baƙuwar kwamiti ta hau acaɓa a cikin taɓo ba. Haka muka tafi, yana tuƙi yana nuna mata gonakin rake kamar nasa ne. Na yi zaton in mun kusa ƙauyen zai sami dalilin tsayawa a baya. Ko kaɗan. Shi ya fara fita, shi ya yi sallama.

Aka kira uban yaron daga gona. Dattijo ne siriri, manomin rake, da rani yana dafa mazarƙwaila. Ya zo da taɓo har gwiwa, da ya ga wanda ke tsaye a ƙofarsa sai ya cire takalmi ya durƙusa. Wannan durƙuson har yau yana ci mini rai. Ƙanin mijina ya bar shi a ƙasa har suka gama gaisuwa, sannan ya ba shi yatsu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, mu muka shiga ciki.

Uwar yaron tana ganina ta ce, "Lah, malamarsu ce," sai hawaye. Ta shimfiɗa mana tabarma a rumfar da ke jikin zauren, ta kawo ruwa. 'Yar yayana ta yi mata bayani a hankali, cewa ba dole, cewa ba za a sa sunan kowa ba, cewa in ta gaji ta ce a tsaya. Na lura ba ta gaggawa, kuma ba ta cika shirun mutum da surutu. Matar ta fara da haihuwarsa, da in'inarsa, da yadda yara suke kwaikwayonsa har ya daina zuwa dandali. Ta ce da ya gama firamare ya dawo gona, kuma ba shi da ƙiwa, sai dai ba shi da aboki.

Tana cikin haka sai muryar ƙanin mijina ta taso daga zaure, don bangon bai kai rufi ba, kuma shi bai iya magana a hankali ba.

"Ai ku iyaye ku ne kuke sakaci. Yaro ya fita ba ka san inda ya tafi ba, ya dawo ba ka tambaye shi ba. Tarbiyya daga gida take farawa. Mu a kwamiti kullum abin da muke faɗa ke nan."

Muka ji dattijon ya ce, "Haka ne, Alhaji. Gaskiya ne, Alhaji."

Matar ta karkata kai tana saurare har ya kai aya. Sannan ta matso kusa da wayar, ta rage murya.

"Kin ji shi ko? Shi ne ya zo ƙofar nan da ƙafarsa, ya ce a ba shi yaron, zai nema masa aikin gwamnati. Malam ya ce a'a, rake yana son hannu. Bai daina zuwa ba, har Malam ya ji kunya ya ce ya tafi. Da farko in ya zo gida sai ka ga yana murna, wai can ba wanda yake yi masa dariya, wai in ya sha abin da ake ba su ma in'inar takan sake shi. Daga baya ya daina haɗa ido da ni. Ranar da aka kama shi, Malam ya tafi Karaye a ƙasa, aka ce masa Alhaji ya yi tafiya."

'Yar yayana ta tambaye ta, to me ya sa har yanzu mijin nata yake durƙusa masa?

Ta ce, "To wa muka sani? Malam gani yake shi kaɗai ne ya san manya. Yana tsoron in ya ɓata masa, shi ke nan ba mai waiwayar yaron."

Ba ta wanke ɗanta ba, wannan na shaida. Ta ce ya ɗauki rai, kuma duk sallar da ta yi sai ta roƙa wa mamacin gafara kafin ta roƙa wa nata. Ta ba da saƙo a kai masa, cewa ƙanwarsa ta haihu, kuma ya riƙe salla.

Da za mu tafi, dattijon ya fito da ɗanyar masara a buhu, ta farkon gonarsa, ya ce a sa wa Alhaji a mota. Na jira in ga ko zai ce a bar wa yara. Ya buɗe but ɗin motar da kansa, har yana latsa ɗaya da farce ya ga ko ta yi ƙwari. A hanya ya leƙo ta madubi ya ce wa 'yar yayana, "Kin ga irin abin da muke fama da shi ko? Jahilci ne ya yi musu yawa. Ki rubuta wannan."

Ta ce, "Na rubuta komai, Baba."

Gidan mai facin a cikin Rogo yake, kuma ranar da za mu je ƙanin mijina ya tuna yana da taro a Kano. Wan mamacin ne yake riƙe da rumfar facin yanzu, shi ya raka mu. Matar mamacin ta koma gidan iyayenta bayan ta yaye abin da ta haifa, an bar yarinyar a wurin kakarta, uwar mamacin. Muka same ta tana tsince wake, yarinyar tana wasa da murfin kwano a gefenta.

Tsohuwar ta karɓe mu da mutunci, amma da ta ji abin da ya kawo mu ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta da abin da za ta faɗa wa littafi. 'Yar yayana ta ce ba komai, ta mayar da wayar cikin jaka, muka ci gaba da hirar damina da tsadar taki. Can sai tsohuwar ta ɗago.

"An ce kin ga yaron."

"Na gan shi, Inna."

"Ya san ɗana? Akwai wani abu a tsakaninsu?"

'Yar yayana ta ce, "Bai san shi ba. Ko sunansa sai daga baya ya ji."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce da ma ta sani, tana so ne ta ji daga wanda ya tambaye shi. Da wan mamacin yake raka mu bakin titi, shi ya ba mu labarin ta'aziyyar kwamiti. Ya ce an yi watanni da rasuwar sai ga Alhaji da mutanensa da mai hoto. Ya ɗauki jaririyar ya ɗaga ta sama, aka ɗauka, ya ce kwamiti ya ɗauki nauyin karatunta har jami'a. Tun daga ranar ba su ƙara ganinsa ba, sai dai hoton, wanda wani ya nuna musu a waya.

Ana gobe 'yar yayana za ta koma Kano ƙanin mijina ya sake zuwa, wannan karon da hula sabuwa. Bayan gaisuwa ya ce ya zo ne a kan maganar suna. Yana so a rubuta shi daidai, da Alhaji a gaba, da muƙaminsa na kwamiti a baya, kuma in da hali a sa a shafin farko inda ake godiya. Ya ce zai aiko da hoto.

'Yar yayana ta ce, "Baba, ai a irin wannan aikin ba a sa sunan kowa. Ko garin ma ba zan ambata ba. Za a ce wani dattijo, wata uwa, wani shugaban al'umma."

Na zuba masa ido. Mutum mai hankali da ya san abin da ya shuka, da ya ji haka sai ya yi hamdala a zuci ya tashi. Shi kuwa ransa ne ya ɓaci. Ya ce wannan wane irin aiki ne? Ya kafa rumfa, ya tara jama'a, ya ƙona mai har Beli, a ce masa wani? Ya ce ko an raina shi ne don bai yi boko mai zurfi ba?

Ta bar shi ya gama. Yarinyar nan tarbiyyar yayana ce, ba ta ɗaga wa babba murya, ko kallon ido ba ta yi masa ba. Ta ce, "In kana so, Baba, sai in tambayi malamaina ko za su yarda. Amma in sunanka ya shiga, ba a shafin godiya kaɗai zai tsaya ba. Duk inda wani ya ambace ka a cikin hirarrakin, nan ma zai fito."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Wa ya ambace ni?"

"Wannan ne ba zan iya faɗa ba. Dokar da ta rufe su ita ce ta rufe ka."

Ya juyo kaina. "Malama, wannan aikinki ne. Ke kika zuga ta."

Na ce, "Ni ban ce mata komai ba, Alhaji. Kai ka kai ta Beli da motarka."

A nan ya ajiye muryar kwamiti ya ɗauko tasa ta gaske, wadda na sani tun yana saurayi yana cin tuwona. Ya ce shi bai taɓa ba wani wuƙa a hannu ba. Ya ce siyasa haka ake yinta, in bai tara yara ba wani zai tara, kuma waɗanda suka aiko shi suna can cikin sanyin ofis ba wanda yake nuna su da yatsa. Ya ce yaron nan da ma can zuciya gare shi, masu in'ina haka suke. Ya ce ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, wannan ne sakayyar?

Na ce, "Ka ciyar da shi ƙwarai. Mun ga abin da ka ba shi ya ci."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce wa 'yar yayana ta bar maganar sunan, shi da ma don Allah yake aikinsa, ba don a san shi ba. Har ya kai soro ya dawo ya ce, in littafin ya fito a aiko masa da guda, zai ajiye a ofishin kwamiti.

Bayan girbi ta kira ni a waya. Ta koma gidan yarin ta kai wa yaron saƙon uwarsa. Ta ce ya rame, shari'ar kuma sai ɗagawa ake yi. Ya yi murna da haihuwar ƙanwarsa, ya tambayi ko raken bana ya yi kyau. Da ta ce masa ta zauna a gidana, ya tuna ni, ya ce a gaishe da Malama. Sannan ya tambaye ta ko ta ga maigida.

Ta ce ta gan shi.

Ya ce, da in'inarsa, to ya ce wani abu? Don tun ranar da aka kama su wani ya raɗa masa cewa maigida ya ce ya yi shiru, kada ya ambaci kowa, yana kan maganar. Shi ya sa bai faɗa wa 'yan sanda ba, bai faɗa a kotu ba, ita ma bai faɗa mata ba sai yau. Yana so ya san ko maganar ta kusa.

Na ce, "Me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce masa ban ji ya yi maganar ba, Gwaggo. Ba zan iya yi masa ƙarya ba." Ta ce shi kuwa cewa ya yi wataƙila Alhaji ba ya son faɗa a gaban mutane ne. Ta haɗa shi da wasu lauyoyi masu taimakon waɗanda ba su da gata, sun karɓi maganarsa, amma sun ce kada a sa rai da wuri. Har yanzu yana can.

Ta gama karatunta, malamanta sun yaba, an ajiye littafin inda ake ajiye irinsa. Ta kawo mini guda, na karanta a hankali da tabarau, Turancin ya yi mini nauyi a wasu wurare. Ban kai wa kwamiti nasu ba, ba su kuma aiko tambaya ba.

Da aka sake zaɓe, wanda ƙanin mijina ya yi wa aiki ya ci. Ba a daɗe ba aka ba shi muƙamin mai ba da shawara kan harkokin matasa. Aka shirya walima, aka yanka sa, matarsa ta zo da kanta ta gayyace ni, ta ce ni ce uwa a gidan, ba zai yi kyau a ce ban zo ba. Na ce mata gwiwata ta tashi. Ranar walimar ina jin lasifika daga tsakar gidana, ana ta kirari, ana cewa an ajiye abu a inda ya dace. Na ɗauko gyaɗar da aka kawo mini daga gona na zauna ina ɓarewa. Da la'asar aka aiko mini da kwano shaƙe da nama da shinkafa. Na ce wa wadda ta kawo ta mayar, ta ce musu likita ya hana ni maiƙo.